Harajin Gida da Fatawar Aljihu

  

Ya ku ƴan uwa masu bibiyar wannan zaure, musamman jama'ar masallacinmu a nan Madarunfa, kwana uku ke nan ana ta turo mini wani saƙon murya wanda ya zagaye wayoyi tun daga Maraɗi har Ɗan Isa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai kuma faɗi wurin wanda ya yi karatu ba, amma cikin minti huɗu ya yanke hukuncin cewa duk harajin da hukuma ke karɓa a kan gida ko shago haramun ne, mai karɓarsa ɗan wuta ne, wanda kuma ya sami ƙofar zillewa ya zille ko da ƙarya ce za ta fisshe shi. Na saurare shi sau biyu. Da na so in bar maganar ta mutu da kanta, sai na lura da irin mutanen da suka fi kowa murna da ita. Babu manomi ko ɗaya daga Gabi ko Safo da ya turo mini saƙon nan. Duk waɗanda suka turo, har da ƙarin kabbara a ƙarƙashinsa, masu gidajen haya ne da jerin shaguna a bakin titi, mutanen da muke gani kullum a sahun farko. Wannan shi ya hana ni yin shiru.

Mu fara da sanin abin da ake gardama a kansa, domin da yawa daga cikin masu zagin lanhon gida ba su taɓa tambayar a kan wa yake ba. A dokar harajin ƙasarmu, gidan da mutum yake zaune a ciki da iyalinsa ba ya cikin wannan lissafi, haka ma masallaci. Abin da ake nema shi ne rabo daga kuɗin haya: wanda ya ba da gida haya domin a zauna, kashi 10 cikin ɗari na abin da yake karɓa, na shago da wurin sana'a kuma ya ɗan ɗara haka. Kuɗin idan sun shiga, ana raba su tsakanin baitulmalin ƙasa da komin ɗin da gidan yake. Akwai kuma wani haraji na mazauni da dokar kasafin kuɗi ta 2018 ta zo da shi, aka ɗaura shi a jikin takardar kuɗin wutar Nigelec. Kuna tune da hayaniyar da dokar nan ta tayar a Yamai da sauran birane, har aka tsare shugabannin ƙungiyoyin farar hula a watan Maris na shekarar. Sai na uku, wanda shi ne talaka ya sani, wato kuɗin kai na komin, wanda mai gari ko mai unguwa yake bi gida gida yana tarawa.

A wasu ƙasashe kowace gunduma ita ke yanka nata farashi. A Amurka gida biyu masu daraja ɗaya za su biya haraji mabambanci don kawai iyakar gunduma ta ratsa tsakaninsu, wasu jihohin sun haura kashi 2 cikin ɗari na darajar gida a shekara, wasu ko rabin kashi 1 ba su kai ba. Mu nan ba haka abin yake ba. Ma'aunin lanhon haya daga Yamai yake fitowa, kuma guda ne a duk faɗin jihar Maraɗi: na Tasawa shi ne na Dakoro, na Mayahi shi ne na Gidan Rumji, da Agye da Gazawa da Bermo da Madarunfa. A cikin gundumarmu ma, komin shida ɗin nan, Madarunfa da Ɗan Isa da Jiratawa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma, duk mudu ɗaya aka ba su.

To amma mudu ɗaya a takarda daban, abin da ake aunawa a ƙasa daban. Ku dubi yadda nauyin yake sauka. Mutumin ƙauye ba shi da inda zai ɓoye. Mai gari ya san shi, ya san ubansa, ya san baligai nawa ke kwana a gidansa, kuma ranar tarawa in bai biya ba sai ya sayar da kaza ko tiyar gero. Mai gidan haya kuwa, wanda abin da yake samu a wata ɗaya ya fi abin da wancan zai gani daga kaka zuwa kaka, yana da ƙofofi da yawa. Zai ce ƴan uwansa ne a ciki. Zai ce gidan fanko ne. Zai rage kuɗin haya a bakinsa. In duk sun ƙi, ya ja ma'aikaci gefe a yi magana ƙasa-ƙasa. Haka aka wayi gari a garuruwanmu ana iya ɓoye bene mai hawa biyu, amma ba a iya ɓoye kan talaka guda.

Na taɓa zama a wani zaure, ba zan faɗi gari ba balle suna, inda wani bawan Allah yake yi wa yaronsa bitar abin da zai faɗa in masu lissafi sun zo. Gidan ɗaki huɗu ne, kowane ɗaki jikka 5 a wata, jikka 20 ke nan, a shekara jikka 240. Abin da ke kansa jikka 24 ne. Ya ce da yaron ya ce ɗaki biyu ne kawai da mutane, sauran hatsi ne a ciki. Saboda jikka 12 dattijo mai furfura ya yi ƙarya, ya koya wa yaro ƙarya, ya kuma ja kunnen ƴan haya su tabbatar da ita in an tambaye su. Aka kira sallar la'asar, ya riga ni tashi. Na yi masa magana a hanya, sai ya ce, "Malam, ai dukiyar azzalumai ce." Na ce, "Alhaji, jikka 12 ɗin nan har yanzu a aljihunka suke, yaushe suka zama na azzalumai?"

Yanzu mu zo ga hujjar mai saƙon murya, don ba na so a ce na kauce mata. Gaskiya ne akwai abin da shari'a ta kira makasu, wato kuɗin da mai ƙarfi yake ƙwata a hannun mutane ba da haƙƙi ba, kuma tsoratarwar da ta zo a kan mai cin sa tana da tsanani ƙwarai. Gaskiya ne kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da ɗora wa talakawa. Mu mutanen ƙasar Katsinar Maraɗi mun san wancan tarihi ta wani ɓangaren da ba kowa ya san shi ba, tunda kakannin sarakunanmu su ne suka baro Birnin Katsina a lokacin jihadi suka kafa nan, amma wannan bai hana mu karanta littafin mu kuma yarda da abin da ke cikinsa na gaskiya ba. Duk wannan babu musu.

Inda mai saƙon ya yi ha'inci shi ne ya karanta rabin babi ya rufe littafi. Da aka buɗe ƙasar Iraƙi, Sayyidina Umar bai raba gonakinta ga mayaƙa ba. Ya bar su a hannun masu nomansu ya sanya musu haraji, domin waɗanda za su zo daga baya su ma su sami abin da za a tsare musu iyaka da shi. Ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu ya auna ƙasar, aka bambanta abin da gonar alkama za ta biya da na sha'ir da na inabi, kowace gwargwadon abin da take bayarwa. Kalmar haraji da muke faɗa yau daga can ta samo asali. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid littafi sukutum a kan wannan babi, ya cika shi da jan kunnen sarki a kan zaluncin masu tarawa, amma bai ce a daina tarawa ba. Imam Gazali ya yi magana a kai, haka ma Imam Shaɗibi, malaminmu na Malikiyya, a cikin Al-I'itisam: idan baitulmali ya gaza, buƙatar jama'a ta tabbata, shugaba yana da damar ɗora wa mawadata abin da zai toshe buƙatar, da sharaɗin adalci da tsayawa a gwargwado. Kun kuma san labarin Shaihu Izzuddin ɗan Abdussalam da Sarki Ƙuɗuz na Masar, lokacin da Tattar suka tunkaro, gab da yaƙin Ainu Jalut a shekarar 1260. Sarki ya nemi a karɓi kuɗi daga jama'a, Shaihu ya ce ba za a taɓa aljihun talaka ba sai sarakunan yaƙi sun fara fito da zinariyarsu da kayan ƙawarsu.

Ku sake duba waɗannan magabata ɗaya bayan ɗaya. Kowanne daga cikinsu wuyan mai hali ya fara kamawa. Sharuɗɗan da suka gindaya garkuwa ce da suka yi wa mara ƙarfi. Yau sai ga shi mai hali ya fizge garkuwar ya kare kansa da ita, ya bar mara ƙarfi a fili yana biyan kuɗin kai. Wannan ita ce nake kira fatawar aljihu. Alamarta ba ta da wuyar ganewa: ba ta taɓa faɗuwa a kan mai ɗaukarta, kullum rangwame take kawo masa. Da a ce mai saƙon nan ya ce kuɗin hayar da ake tsawwala wa malamin makaranta da ɗan gudun hijira shi ne haramun, mutum nawa cikinku za su tura shi gaba?

Na san dalilin da ya sa kalmar lanho take da ɗaci a bakinmu. Kakanninmu sun ba mu labarin zamanin Faransa, lokacin da ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin kai, ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946, har garuruwa suka riƙa watsewa cikin dare suna tsallakawa ƙasar Ingilishi ta wajen Jibiya. An yi murna da aka soke kuɗin kai na gwamnati a zamanin Seyni Kunce, kamar yadda aka yi murna a Kano da Kaduna a 1979 da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Wannan ɗacin gado ne, ba na raina shi. Sai dai wancan kuɗi an karɓe shi ne daga wanda ba shi da komai aka kai wa baƙo. Wanda muke magana a kai yau ana neman sa ne daga wanda ke da gidan da ya wuce buƙatarsa, kuma wani kaso nasa yana da haƙƙin komawa unguwar da gidan yake. Wanda ya haɗa su a ma'auni ɗaya, ko dai bai sani ba ko kuwa ya sani yana so ne a ruɗe.

Me ake yi da kuɗin komin? Da su ake yashe magudanar ruwa, a kwashe shara a kasuwa, a gyara rijiya, a gina aji. Duk wanda ya ga abin da damunar 2024 ta yi a Maraɗi da ƙauyukan bakin Gulbi, gidajen ƙasa suna zubewa a kan masu su, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan amfanin magudana. Ba mu manta ba kuma da watan Nuwamba na 2021, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a cikin garin Maraɗi ta ci yara ƙanana fiye da 20. Mun yi kuka, mun yi addu'a, mun ce ina hukuma. Tambaya ce mai kyau. Amma wanda ya ɓoye ɗaki biyu daga cikin huɗu, da wane baki zai tambayi dalilin da ya sa ajin ƴaƴan talakawa yake na zana? Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Akwai wani ruɗani kuma da ya kamata a warware, domin na ji shi ta fuska biyu. Wani ya ce, "Ni na fitar da zakka, babu sauran wani haƙƙi a dukiyata." Wani ya ce, "Ni na biya lanho, ya tsaya mini a matsayin zakka." Dukansu sun kuskure. Zakka ibada ce mai niyya da nisabi da lokaci, kuma Allah da kansa ya ƙayyade mutum takwas da ake ba wa a cikin Suratut Tauba, babu magudanar ruwa a cikinsu. Ginin gida, ko na zama ko na haya, babu zakka a jikinsa. Kuɗin hayar ne in sun taru, su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗin mutum, suka kai nisabi, kimanin darajar giram 85 na zinariya, shekara ta kewayo a kansu, sai a fitar da ɗaya cikin arba'in. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa abin da hukuma ta karɓa da sunan haraji ba ya sauke wannan farilla. Saboda haka mai gidan haya haƙƙi biyu ne a kansa, kowanne da mai shi. Abin takaici, waɗanda suka fi iya kawo hujjar ɗaya don su kori ɗayan, in ka bincika sau da yawa ba su sauke ko guda ba.

Sai masu wata dabara, waɗanda suke biya amma ba daga aljihunsu ba. Takarda na zuwa sai su ƙwanƙwasa wa ɗan haya ƙofa su ce an ƙara jikka kaza saboda lanho. Doka a kan mai karɓar haya ta ɗora shi, kuma yarjejeniyar da kuka ƙulla da ɗan haya tun farko babu wannan a ciki. Ƙara masa a tsakiyar wa'adi cin dukiyarsa ne ba da yardarsa ba. In wa'adi ya cika kuka sake ciniki a fili, wannan wata magana ce, ko da yake ina tunatar da ku cewa mafi yawan masu haya a garin nan ma'aikata ne ƙanana da mutanen da ƴan bindiga suka koro daga gonakinsu.

Game da abin da ake miƙa wa ma'aikaci a bayan ƙofa kuwa, sunansa rashawa, ko an kira shi goro ko kuɗin mai. Muna yawan tsine wa mai karɓa mu manta da mai bayarwa, alhali tsinuwar da ta zo a hadisi ta haɗa su biyun. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk kuɗin da ka bayar ba a ba ka rasi mai hatimi ba, ka sani bai isa baitulmali ba, bai isa komin ba, kuma kai ne ka taimaka ya ɓata a hanya.

Kada masu riƙe da hukuma su karanta wannan su ɗauka na zama kakakinsu. Sharuɗɗan da malamai suka gindaya a wuyanku suke, kuma sun fi na talaka nauyi. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rushe majalisun komin aka naɗa kantomomi, babu kansilan da mutumin ƙauye zai tare a kasuwa ya tambaye shi ina kuɗinmu. Wannan ya ƙara muku nauyin bayani, bai rage ba. Mene ne wahalar a rubuta a allo a ƙofar ofishin magajin gari: bana an tara kaza daga gidajen haya, kaza daga kuɗin kai, kaza daga kasuwa, an kashe kaza a wuri kaza? A karanta shi a rediyo da Hausa, a aiko wa limamai su sanar bayan Juma'a. Ranar da mutumin Jiratawa ya san abin da aka tara a komin ɗinsa da abin da aka tara a Ɗan Isa, ya ga inda kowanne ya tafi, saƙon murya irin wancan ba zai sami mai saurare ba.

Ku kuma tuna cewa Sayyidina Umar, kwanaki kaɗan kafin a soke shi, yana tambayar ma'aikatansa na Iraƙi ko sun ɗora wa ƙasa abin da ba za ta iya ɗauka ba. Ma'auni guda a takarda ba ya nufin a rufe ido ga halin da kowane gari yake ciki. Ƙauyen da ke gefen dajin Baban Rafi, wanda aka kore masa shanu, aka sayar da gona aka biya kuɗin fansa, ba a zuwa masa da littafin kuɗin kai kamar ba abin da ya faru. Shagon Ɗan Isa da ya yi watanni a rufe lokacin da aka garƙame iyaka a 2019, aka sake garƙame ta a 2023, ba a lissafa masa hayar da ba a karɓa ba. Gidan da ruwa ya rushe a cire shi daga rajista har sai an tashe shi. In kuka yi sassauci ga babban mutum saboda waya ɗaya da aka bugo, kuka tsananta wa bazawarar da ke hayar ɗaki guda don ta ciyar da marayu, to a nan kam kun shiga cikin makasun da ake tsoratarwa a kansa, kuma babu dokar kasafin kuɗi da za ta fisshe ku ranar hisabi.

Wasu za su tambaya, wanda ya riga ya yi shekaru yana rage lissafi fa? Ya tuba daga ƙaryar, ya sauke wa yaransa da ƴan hayarsa nauyin da ya ɗora musu na yi masa shaidar zur, daga bana kuma ya faɗi adadin ɗakunansa da kuɗinsu yadda suke. In yana ganin an yi masa ƙari a lissafi, doka ta ba shi damar kai kuka a rubuce ofishin haraji, ya bi ta nan da rana tsaka. Ya karɓi rasi ya adana, domin da rasin nan a hannunsa ne yake da bakin tsayawa gaban kantoma ya tambayi magudanar unguwarsu.

Domin kada a ce mun fara da gidan wasu, na roƙi kwamitin masallacinmu su binciko matsayin shagunan nan uku da ke jikin katangar gabas, waɗanda ake karɓar hayarsu don hidimar masallaci. Ɗakin salla ba ya biya, wannan a fili yake, amma shago shago ne. Su je ofis su tambaya ko akwai abin da ke kansu, nawa ne, tun yaushe. Ma'ajin kwamiti ya amsa zai kawo bayanin ranar Juma'a mai zuwa bayan sallar isha'i, da takardun a hannunsa, duk mai son gani ya tsaya.